Yadda Ake Raba Lokaci da Ƙarfi Wajen Neman Aiki a Abuja

Da yawa daga cikin masu neman aiki a Abuja ba a cikin gari suke kwana ba. Wani yana Mararaba ko Masaka a jihar Nasarawa, wani yana Suleja ko Madalla a jihar Neja, wasu suna Kubwa, Zuba, Lugbe ko Gwagwalada, galibi a ɗakin ɗan'uwa ko abokin karatu da ya riga su samun abin yi. Ofisoshin kuwa suna Garki, Wuse, Maitama, Utako da tsakiyar birni. Tsakanin inda kake kwana da inda ake ɗaukar ma'aikata akwai nisa, akwai gosulo, akwai kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin motar nan ya wuce abin da mutum zai riƙa kashewa da ka. A ƙaramin gari kana iya taka sayyada ka leƙa ofis uku kafin azahar. A nan, fita ɗaya marar dalili tana iya cinye kuɗin abincin kwana biyu.

Matasan da nake gani ƙoƙari suke yi, babu laifi. Inda ƙoƙarin yake tafiya ne abin dubawa. Mutum zai raba dare yana tura takarda iri ɗaya zuwa wurare talatin, gari ya waye ya hau mota zuwa sakatariyar tarayya alhali bai san wanda zai gani ba, ya dawo da magariba jiki ya yi laushi, aljihu ya yi sauƙi. Bayan wata uku sai ya ce ya yi iya yinsa. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk matakan da ke tafe guda ɗaya ce: kowace hanya ka ba ta lokaci gwargwadon amsar da take dawo maka da ita.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Ɗauki biro da takarda ka rubuta abu uku. Nawa ne a hannunka yanzu, har da ragowar alawus ɗin bautar ƙasa da abin da gida suka yi alkawari? Nawa kake kashewa a mako kan abinci, data da mota? Wata nawa mai masaukinka zai iya ɗaukar nauyinka kafin fuska ta fara canzawa? Na ƙarshen nan tambayarsa za ka yi kai tsaye, cikin ladabi: "Yaya, ina so in tsara zamana, zuwa wane wata kake ganin ba zan takura muku ba?" Gara ka ji amsar yau.

Daga nan ka fitar da kuɗin shiga gari ɗaya, zuwa da dawowa, haɗe da 'yan motocin da za ka hau a cikin garin. Tun 2006 aka hana acaba aiki a tsakiyar birnin, don haka daga wannan ofis zuwa wancan tasi ne ko ƙafa. A ce fita ɗaya tana cin naira 3,000, kuma abin da za ka iya warewa na mota a wata naira 24,000 ne. Ke nan fita takwas gare ka a wata, biyu a mako. Cire biyu daga ciki ka ajiye kuɗinsu gefe, kada ka taɓa, domin ranar da za a kira ka intabiyu ba za a tambaye ka ko kana da kuɗin mota ba.

Mataki na biyu: kashe maganar takardu sau ɗaya

Ware mako guda cur don wannan, kada ka nemi aikin komai a cikinsa. Tattara satifiket ɗin firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar kammala jami'a ko kwaleji, satifiket ɗin bautar ƙasa ko takardar yafewa, shaidar haihuwa, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, lambar NIN da hotunan fasfo. Idan sana'arka tana da hukumar rajista, kamar TRCN ga malaman makaranta ko COREN ga injiniyoyi, duba inda takardarka ta tsaya.

Jera su ka duba suna da ranar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, shekarar haihuwar NIN daban da ta WAEC: irin wannan yana fitar da mutum daga tantancewa bayan ya ci jarrabawa, kuma gyaransa yana ɗaukar makonni. Fara gyaran yanzu da babu wanda ke jiranka. Takardar ƙaramar hukuma idan babu, ka sa wani a gida ya bi maka ita tun kafin a buɗe wani shafin ɗaukar aiki.

Je kafe, wato shagon intanet, sau ɗaya a ɗauki hoton kowace takarda da kyau, a rage nauyinta yadda shafukan rajista za su karɓa, ka tura wa kanka ta imel, ka kuma ajiye a waya. Yi fotokofi saiti biyar a cikin fayil. Imel ɗinka ya zama sunanka na gaskiya. Wanda ka buɗe kana aji uku na sakandare da laƙabin ƙwallo, bar shi ga abokai.

Sai sibi, takardar da ke ɗauke da tarihin karatunka da aikinka. Shafi ɗaya, iyaka biyu. Rubuta abin da ka yi da hannunka a inda ka yi bautar ƙasa ko koyon aiki: aji nawa ka koyar, wane littafin lissafi ka riƙe, wace manhaja ka yi aiki da ita. Ba wa wanda ke aiki a fagen ya karanta maka.

Mataki na uku: zaɓi aikin da kake nema, sannan ka auna ƙofofin

"Ko wane iri ne, ina so" ita ce amsar da ke sa mai son taimakonka ya rasa inda zai kama. Tsaya kan iri biyu: wanda ka karanta kuma kake fata, da wanda za ka iya farawa gobe ya riƙe ka. Mai digirin lissafin kuɗi, misali, zai nemi mataimakin akanta, na biyunsa kuma mai kula da sito ko karɓar kuɗi. Yi sibi biyu, ɗaya ga kowanne. Taura biyu ma da ƙyar take taunuwa, balle biyar.

Ƙofofin aiki a Abuja ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta gwamnati ita ce ta jawo yawancinmu garin nan, ita ce kuma mai cin lokaci a banza idan ba a yi hankali ba. Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ce ke ɗaukar manyan ma'aikatan ma'aikatu, inda mai digiri yakan fara daga matakin albashi na 08. Shige da Fice, Gyaran Hali, Kashe Gobara da Sibil Difens suna ƙarƙashin hukuma ɗaya mai suna CDCFIB. Sojoji da 'yan sanda suna da nasu tsarin. Dukansu ta intanet ake nema a yanzu, kuma sai lokacin da suka buɗe. Idan ba a buɗe ba, zaman benci a sakatariya ba zai buɗe shi ba. Idan an buɗe, cikewar ba ta wuce aikin yini ɗaya ga wanda takardunsa ke shirye, sannan jira ya biyo baya, wani lokaci na watanni masu yawa. Ga kuma tsarin raba daidai tsakanin jihohi, wanda ke nufin da 'yan jiharku kake takara ko kana Abuja ko kana Gusau. Zamanka a Abuja bai ƙara maka maki ko ɗaya a shafin rajista ba.

Wanda ya manta yawan masu layi a wannan ƙofa ya tuna watan Maris na 2014, lokacin da dubban matasa suka yi cincirindo a babban filin wasa na Abuja da wasu filayen ƙasar nan don jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, bayan kowa ya biya naira 1,000, aka yi turmutsutsu, mutane suka rasa rayukansu. Ban ce kada ka nema ba. Nemi duk wanda ka cancanta, ka cike da kyau, ka buga takardar shaida ka ajiye. Amma sa'a ɗaya zuwa biyu a mako ta ishe ka duba sanarwa. Kada ka dakatar da sauran nema don ka cike fom ɗin gwamnati.

Ƙofa ta biyu ita ce manyan kamfanoni, bankuna da ƙungiyoyin agaji. Tallansu yana fitowa a LinkedIn, Jobberman, MyJobMag, da ReliefWeb ga masu son aikin ƙungiyoyi. Abuja cike take da su, ga ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a tsakiyar birni, ga kuma hedikwatar ECOWAS. Sai dai tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin USAID a farkon 2025, guraben ƙungiyoyi sun ragu, kuma ƙwararrun da suka rasa aikinsu sun dawo layi ɗaya da kai. Jin Hausa yana da daraja a ayyukan da ake yi a Arewa, ka rubuta shi a sibi ɗinka ƙarara. Bankuna kuma sukan sa iyakar shekaru da matakin digiri ga sabbin ɗauka. Karanta sharuɗɗan kafin komai. Idan sun ce shekara 26 kai kuma kana 31, wuce.

Ƙofa ta uku ita ce wadda masu digiri suke rainawa: makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci da shagunan magani, otal-otal, kamfanonin gine-gine da dillancin gidaje, masana'antun Idu, manyan dilolin kayan gini na Dei-Dei, shagunan waya da kwamfuta na Banex. Yawancinsu ba su buga talla. Mai wurin ne ke yanke hukunci, kuma yana iya yankewa a mako ɗaya. Suna da lokutansu: makarantu sun fi neman malamai a watannin Yuli da Agusta kafin zangon Satumba. A ganina, ga wanda bai taɓa aiki ba, wannan ƙofa ce ta fi cancantar kuɗin motarsa.

Ta huɗu mutane ne, kuma ita ce ke buɗe sauran ukun. Za mu zo kanta.

A makonni huɗu na farko, kafin ka ga abin da littafin da za ka riƙa rubuta nemanka a ciki (mataki na bakwai) zai nuna, fara da wannan rabo: kashi ɗaya cikin goma ga gwamnati, uku ga tallan intanet, uku ga ƙananan wurare, uku ga mutane. Rabon gwaji ne, zai canza.

Mataki na huɗu: tsara mako

Safiya, daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe 11, ita ce lokacin da kai yake a sake. Ba ta aiki mai wuya: rubuta takardar neman aiki, gyara sibi, atisayen jarrabawa. Kada ka buɗe WhatsApp ko Facebook kafin ka gama. Rukunonin tallan aiki na WhatsApp ka zaɓi biyu ko uku masu tsabta, ka fita daga sauran, ka duba su sau ɗaya a rana bayan la'asar.

Litinin zauna gida. Hanyar Nyanya ta fi cushewa da safiyar Litinin, ofisoshi kuma taro suke yi. Duba tallace-tallacen mako, ka tace su, ka fitar da biyar zuwa takwas da ka cika akasarin sharuɗɗansu. Jera su bisa ranar rufewa. Kowanne ka ba shi minti 45 zuwa sa'a ɗaya: karanta tallan sau biyu, ɗauko kalmomin da suka yi amfani da su ka sa a inda suka dace da abin da ka yi da gaske, rubuta gajeriyar wasiƙa da ta ambaci sunan wurin da muƙamin. Takarda takwas irin wannan ta fi tamanin da aka watsa ido rufe. Idan sa'a ɗaya ta cika, tura. Mai gyaran sibi kullum ba ya turawa shi ma ɓata lokaci yake yi, sai dai nasa ya fi kama da aiki.

Talata da Alhamis, ko Talata da Laraba, su ne ranakun shiga gari. Kada ka fita sai da jerin wurare aƙalla huɗu a shiyya ɗaya, kuma aƙalla ɗaya daga ciki akwai wanda ya san kana zuwa. Raba garin bisa hanyar da kake shigowa. Mai fitowa daga Mararaba ta Nyanya da AYA, Asokoro da Garki da tsakiyar birni ne a gabansa. Mai fitowa daga Suleja ko Kubwa zai fara tarar da Gwarimpa, sannan Berger, Utako, Jabi da Wuse. Na Lugbe da Gwagwalada hanyar filin jirgi za ta sauke shi kusa da Area 1. Yau shiyya ɗaya, wani makon wata. Wanda ya haɗa Asokoro da Gwarimpa da Idu a yini ɗaya, direbobin tasi ya yi wa aiki.

Mafi kyawun lokacin isa ofis tsakanin ƙarfe 10 ne da azahar. Ko dai ka fito da sassafe kafin hanya ta cushe ka jira a masallaci, ko ka bari cunkoson safe ya lafa. Juyo gida kafin ƙarfe 4, lokacin tashin ma'aikatan gwamnati, in ba haka ba hanya za ta riƙe ka har bayan isha. Mota kuma a tasha ake hawa. 'Yan fashin da ke ɗaukar fasinja a bakin titi, waɗanda ake kira wan-cans, sun fi samun wanda ya gaji yake neman araha da yamma.

Juma'a rabin yini ce. Kammala abin da ya rage da safe, ka bibiyi waɗanda suka yi maka alkawari. Idan za ka kashe kuɗin mota, yi sallar a masallacin da mutanen da kake son gani suke zuwa. Asabar ta koyo ce da zumunci. Lahadi wanki, guga da hutu. Kada ka buɗe shafin neman aiki ko ɗaya. Wuta kuma duk lokacin da aka kawo ta, caji ne farko.

Mataki na biyar: mutane, da yadda ake roƙonsu

Rubuta sunaye talatin. 'Yan'uwa, 'yan garinku mazauna Abuja, tsofaffin 'yan makarantarku, malamanka, waɗanda kuka yi bautar ƙasa tare, shugabanka na inda ka yi hidima, limamin unguwa. Kada ka tsaya kan manya kawai. Darakta yana da mutum hamsin da ke jiransa. Wanda ya girme ka da shekara uku a aiki shi ne ya san cewa abokiyar aikinsa za ta tafi ƙarin karatu wata mai zuwa, kujerarta za ta zama babu kowa.

Tuntuɓi uku zuwa biyar a mako. Babba ka je ka gaishe shi, domin zumunta a ƙafa take, kuma saƙon waya daga yaron da bai taɓa zuwa gaisuwa ba ba ya da nauyi. Amma ka nemi izini tukuna, ka je a lokacin da ya ce, kada ka wuce minti ashirin sai idan shi ya riƙe ka.

Roƙon ya zama ƙarami kuma takamaimai. "Kawu, a taimaka mini da aiki" nauyi ne da ba kowa ke iya ɗauka ba, shi ya sa ake amsa shi da "to, Allah ya kawo, bar takardunka." Gwada haka: "Kawu, barka da hutawa. Na gama bautar ƙasa, lissafin kuɗi na karanta, kuma na riƙe littafin kuɗin makarantar da na yi hidima. Na ji wata makaranta a Gwarimpa tana neman akanta. Ko Kawu ya san wani a can da zai duba takardata?" Wannan abu ne da zai iya yi da kiran waya ɗaya. Idan bai san kowa ba, sai ka ce, "Ko akwai wanda Kawu yake ganin ya kamata in je in gaisar?" Ka fita da suna ɗaya, ziyarar ta biya kuɗin motarta.

Bibiya sau ɗaya bayan mako biyu, sau ɗaya kuma bayan wata. Kullum kira yana sa a daina ɗauka. Idan hanyar da ya nuna maka ta kai ka ko da intabiyu ne, koma ka gaya masa, ka yi godiya.

Akwai wata dama da mai jin Hausa yake da ita a Abuja wadda ba a cika lissafa ta ba. Masu gadi, direbobi, masu shayi da masu wankin mota na bakin ofisoshi da yawa namu ne. "Baba, sannu da aiki, ya ƙoƙari?" da zama na minti biyar yana iya gaya maka ko ana ɗaukar mutane, wane ne ke karɓar takardu, ƙarfe nawa Hajiya mai makarantar take shigowa, da ko ana biyan albashi kan lokaci. Takardar da aka bari a geti ba tare da sunan kowa ba, a geti take kwana. Tambayi sunan ofishin, ka rubuta a bayan ambulan, ka roƙi a bar ka ka miƙa da hannunka.

Taron ƙungiyar 'yan garinku, ɗaurin aure, walima, ta'aziyya: je don Allah da zumunci, kada ka raba sibi a wurin makoki. Amma idan an tambaye ka me kake yi, amsarka ta jimla biyu ta kasance a shirye.

Mataki na shida: toshe ramukan da ke shanye lokaci

Saƙo ya shigo cewa an zaɓe ka intabiyu gobe, ba sunan kamfani, ba muƙami, kai kuma ba ka tuna ka nema ba. Duba littafinka, idan babu shi, kada ka je. Sau da yawa taron tallan kaya ne inda za a ce ka sayi rajista ka kawo mutane. Kamfanin da ba ka sani ba, bincika sunansa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, kyauta ne, minti biyar. Shafin ɗaukar aikin gwamnati galibi yana ƙarewa da .gov.ng, na sojoji da .mil.ng. Duk wanda ya ce yana da gurbi a wata hukuma, a kawo kuɗi, ka riƙe kuɗinka. Wasu sun sayar da gona sun karɓi takardar ɗauka ta bogi, sai a wurin tantancewa asiri ya tonu.

Ke kuma 'yar'uwa, intabiyu a ɗakin otal ko bayan magariba ba intabiyu ba ne. Ko na gaskiya ne, ki bar wa wani adireshin da lokacin da kike sa ran dawowa.

Mataki na bakwai: littafi, da sake rabo

Sayi littafi mai arha. Kowane nema layi ɗaya: kwanan wata, wuri, muƙami, ta wace ƙofa, wa ya haɗa ka, nawa ka kashe, me ya biyo baya, yaushe za ka bibiya. Minti goma kowane dare.

Bayan mako huɗu zauna ka ƙirga amsoshi: kira, imel na mutum, gayyatar jarrabawa, intabiyu. Ƙofar da ta fi kawo amsa, ƙara mata lokaci; wadda ta yi shiru, rage mata rabi, kada ka rufe ta gaba ɗaya. Sannan duba inda kake tsayawa. Idan ba a kiranka sam, ko sibi ɗin ne bai fito da kai ba, ko kana neman abin da ya fi ƙarfin gogewarka. Gyara waɗannan kafin ka ƙara tura ko ɗaya. Idan ana kiranka jarrabawar kwamfuta kana faɗuwa, mayar da sa'a ɗaya ta kowace safiya ga atisayen lissafi da Turanci, da agogo a gabanka, domin lokaci ne ke kayar da yawancin mutane. Idan kana kaiwa intabiyu ana yin shiru, samu wanda zai zauna ya yi maka tambayoyi da Turanci, ka amsa da baki, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Da yawanmu mun san amsa, faɗarta a gaban mutum uku ne ke gagara, ga kuma tarbiyyar sunkuyar da kai gaban manya wadda masu tambayar suke ɗauka rashin tabbas ne.

Ranar da aka gayyace ka, jadawalin mako ya tsaya. Kwana biyu kafin nan na wannan wurin ne kaɗai: me suke yi, su wa suke yi wa, wace matsala muƙamin zai magance. Gano adireshin tun ana gobe, ka yi niyyar isa da sa'a ɗaya a hannu. Idan ƙarfe 8 aka ce kuma kana Masaka, nemi wanda zai ba ka wurin kwana a cikin gari.

Mataki na takwas: abin sawa a baki, da koyo

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Nemi abin da zai kawo kuɗi kaɗan ba tare da ya cinye safiyarka ba: koyar da yara darasi ko karatun Alƙur'ani a gida da yamma, zaman shagon POS rabin yini, buga takardu, riƙe wa ɗan kasuwa lissafi a ƙarshen mako. Sa'a uku zuwa huɗu a rana ya isa. Faɗa wa mai wurin tun farko cewa kana neman aiki, kuma wata rana za ka nemi izini.

Koyo kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma tallan da kake karantawa ne zai gaya maka wanne. Idan shida cikin goma suna neman manhajar Excel, shi za ka koya har ka iya, sa'a huɗu zuwa biyar a mako. Kafin ka biya kuɗin kwas, duba na hukuma: hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa NDE, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ITF mai hedikwata a Jos wadda aka kafa a 1971, da shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da aka fara a 2023. Satifiket ɗin da ba za ka iya nuna aikinsa a gaban kwamfuta ba, bai cancanci kuɗin motarka ba.

Idan tayi ya zo

Kafin ka ce to, yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, don haka ƙananan wurare suna iya yi maka tayin ƙasa da haka. Ninka kuɗin motarka na yini sau 22. Idan naira 2,500 ne, 55,000 ta tafi kafin ka ci abinci. Aikin naira 60,000 a Kubwa ga mazaunin Kubwa ya fi na 90,000 a Asokoro. Tambayi ko akwai motar ma'aikata, ko ana aikin Asabar, ranar nawa ga wata ake biya, ka kuma nemi takardar ɗauka a rubuce.

Idan aikin na riƙon ƙwarya ne, karɓa, ka rage nema zuwa safiyar Asabar da dare biyu a mako: takarda biyu masu kyau, mutum ɗaya. Idan kuma watan da kuka yi da mai masaukinka ya kusa, littafin bai nuna motsi ba, koma gida ko Kaduna ko Jos inda zama ya fi sauƙi, ka ci gaba da na intanet da na gwamnati daga can, ka bar saitin fotokofi ɗaya a hannun wanda zai iya miƙa maka shi, kuɗin motar zuwa intabiyu kuma yana gefe.